Gurguwa, Lamba Arba'in da Bakwai

A Janairu muka soma haɗa ta,
cikin tsohon rumbun dankali a bayan Towcester,
inda rufi ke ɗiga daidai kan teburin walda.
Mu shida ne, in an ƙirga karen Desmond.
Manyan kamfanoni na da ɗakin gwajin iska
mai shan wutar gari guda.
Mu fankar kanti muke kunnawa,
mu manna zaren ulu a fiffikenta,
mu tsuguna kamar masu duba a ƙasa,
muna jiran zare ya faɗa mana gaskiya.

Ni na raɗa mata suna: Gurguwa.
Desmond ya ce, me ke nan a yarenku?
Na ce masa, mai haƙuri.
Allah ya yafe mini.

Afrilu, Brands Hatch.
Mota ashirin da huɗu, mu ne wutsiya.
Daƙiƙa biyu tsakaninmu da na gaba.
A gida daƙiƙa biyu ko atishawa ba ta isa ba,
a nan tafiyar raƙumi ce zuwa Agadas.

A Snetterton akwatin giya ya zubar da haƙora.
Na kwashe su a tafin hannu, da ɗuminsu,
ban san wanda zan kai wa ba.
Ranar Litinin mai kamfanin tagogi ya bugo waya,
muryarsa cike da ladabi, aljihunsa a rufe.
Muka ɓamɓare sunansa daga ƙofa.
Wurin ya fi sauran jikin haske,
kamar goshin da aka cire wa hula.

Imogen Hask ce ke tuƙa ta.
Kwana biyar tana raba wasiƙu a Daventry,
Asabar ta sa hular kwano.
Ba ta da yawan magana. Ta ce:
a kwanar dama tana jin maganata,
a ta hagu sai ta yi mini gardama.
Kwamfuta ta ce lafiya lau.
Muka canja taya, muka canja birki,
Desmond ya sayar da kwalekwalensa muka canja sauran.
Gardama na nan.

Wani dare a Yuli, kowa ya watse,
na tuna Malam Gwadabe na Panteka
da ba ya yarda da ƙarfe sai ya sa masa igiya.
Na ja zare daga ƙafar gaba zuwa ta baya,
na rataya noti a bakinsa.
Na auna sau uku.
Milimita huɗu.
Ƙafar hagu ta gaza 'yar'uwarta tun ran haihuwa.
Ashe ba zagi na yi ba,
suna ne ya bi jiki.

Knockhill, Agusta, sama ta ɓalle.
Masu kuɗi suka riƙa sulɓewa cikin tsakuwa
ɗaya bayan ɗaya.
Ita kuwa, mai tafiyar sannu tun asali,
ta bi ruwa kamar ta san gidansu.
Ina jikin katanga da allo a hannu,
lambobi na jiƙewa, ni ma haka.
Zagaye na sha takwas ta shiga kwanar hagu
ba ta ce uffan ba.

Na tara muka zo.
Ba kofi, ba mai ɗaukar hoto.
Maki biyu.
Desmond ya zauna a kan tsohuwar taya
ya rufe fuska da tsumman baƙin mai,
ya daɗe bai buɗe ba.

Yanzu Oktoba. Mun ja mata tamfol.
Akwai takardar banki a ƙarƙashin kofin shayi,
mako biyu ba wanda ya ɗaga kofin.
Imogen ta koma wasiƙunta.
Notin nan yana aljihuna har yau,
da guntun zarensa.
Jiya na ga Desmond yana gwada fanka,
wai ya ji kamar ta rage ƙarfi.